Kafin Mu Ƙara Wa Doki Ado, Mu Koyi Sauya Masa Ƙafa: Kira Ga Mahayan Gidan Rumji

Duk wanda ya kasa kunne ga Hausar da muke yi kullum zai ɗauka kowane gida akwai doki ɗaure a turke. Shugaba yana riƙe da ragamar mulki, gwamnati ta yi alkawarin ƙara ƙaimi, an ja wa wane linzami, wance likkafarta ta ci gaba, yaro ya faɗo gida a sukwane. Harshenmu bai manta da doki ba. Hannunmu da ƙafarmu ne suka soma mantawa.

Ba wai matasa sun daina hawa ba ne. Hasali ma, duk mai leƙa Facebook da TikTok a lokacin sallah ko bikin aure ya san sha'awar doki ta dawo da ƙarfinta, tun daga Kano da Katsina har Maraɗi, Tsibirin Gobir, Gidan Rumji, Agye da Gazawa. Ƙarfin hali akwai shi, ado kuwa sai wanda ya gani. Amma tsayar da saurayin da ya fi kowa tayar da ƙura ka tambaye shi: "Malam, da wace ƙafa dokinka ke ja gaba a sukuwar nan, dama ko hagu? In ka so, za ka iya sa shi ya sauya?" Da wuya ka samu amsa. Wani ma sai ya ɗauka zolayarsa kake yi.

Akwai wani ɗan darasi da makarantun hawan doki na duniya ke koya wa ɗalibi tun bai yi nisa ba: sauya ƙafar jagora a ƙaramar sukuwa ta hanyar komawa tafiya. Ba ya cin kuɗi, ba ya buƙatar dokin Turai. A ganina mahayan Gidan Rumji da maƙwabtansu sun fi buƙatar wannan darasi fiye da sabuwar jalala ko ɗan kai mai ƙyalli, domin shi ne ke bambance mai magana da dokinsa da mai kokawa da shi. Maganar kuwa ba ta wasa ba ce, don bakin doki da ƙafarsa, wuyan mahayi da ran ɗan kallo duk suna ciki.

Mece ce ƙafar jagora?

Doki yana da tafiya iri-iri. Tafiyar sannu bugu huɗu ce, kowace ƙafa da lokacin saukarta. Sassarfa bugu biyu ce: ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu suna sauka tare, sannan sauran biyun su biyo. Cikakkiyar sukuwa irin ta filin tsere bugu huɗu ce cikin sauri. Tsakanin sassarfa da cikakkiyar sukuwa akwai wadda za mu kira ƙaramar sukuwa, mai bugu uku, wadda mahayi ke jin kamar ana lilo da shi.

A ƙaramar sukuwa ƙafafu ba sa raba aiki daidai wa daida. Idan doki yana jagora da dama, ƙafar baya ta hagu ce ke fara sauka, sai ta baya ta dama da ta gaba ta hagu su sauka tare, daga ƙarshe ta gaba ta dama ta miƙe ta sauka gaba da kowacce. Bayan nan akwai ƙiftawar ido guda da ƙafafu huɗun ke sama gaba ɗaya. In da hagu yake jagora, sai lissafin ya juya. Mutane sun daɗe suna gardama kan ko doki yana barin ƙasa ɗungurungum, sai a 1878 wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori a Kalifoniya ta Amurka ya raba gardamar. Yau kowane saurayi yana yawo da abin da ya fi kyamarorin nan a aljihunsa. Ɗauki bidiyon dokin abokinka yana gudu, ka rage saurin hoton, za ka ga ƙafar da ke ja gaba da idonka.

Amfanin sanin wannan yana fitowa ne a wajen kwana. Dokin da zai karya dama yana buƙatar jagora da dama, don ƙafar ce ke tallafe nauyinsa da na mahayi a cikin kwanar. In ya shiga kwanar dama da ƙafar hagu, sai ya rasa madogara, kafaɗarsa ta zube, ƙafafunsa su harɗe. A kan kwalta ko yashi mai santsi, nan ne ake faɗuwa. Dokin da ke sake a fili da kansa yake sauya ƙafa ba tare da an koya masa ba. Sai an ɗora masa mahayin da ya karkata gefe guda, yana finciko kansa da linzami, sannan yake ruɗewa. Wani lokaci ma yakan sauya ƙafafun gaba ya bar na baya yadda suke, sai ka ga mahayi yana girgiza a sirdi kamar ana tankaɗe shi.

Sa'annan dawaki kamar mutane suke, akwai bahago akwai mai dama. Dokin da aka bari kullum yana sukuwa da ƙafa ɗaya, wannan ƙafar ce ke shan wahala, jikinsa kuma ya ginu a karkace. Shi ya sa ƙwararrun mahayan tsere suke sauya wa doki ƙafa a kwana, su sake sauya masa in an miƙe, don ƙafar da ta gaji ta huta.

Sauyin iri biyu ne. Akwai wanda ake yi a sama, cikin ƙiftawar idon nan da ƙafafu ba sa ƙasa, wannan na ƙwararru ne. Akwai kuma mai sauƙi, wanda muke magana a kansa. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, wadda aka kafa a 1921, ta fayyace shi a dokokin wasan horon doki da ake kira diresaj: doki ya sauko daga ƙaramar sukuwa kai tsaye zuwa tafiya, ya yi taku 3 zuwa 5 bayyanannu, sannan ya tashi kai tsaye da ɗaya ƙafar. Ba sassarfa a tsakani, ba fizga, ba turjiya. Ɗan kabu-kabu zai fi kowa gane wannan. In za ka canja giya, sai ka sassauta totur, ka matse kuloci, ka canja, ka saki. Wanda ke cusa giya da ƙarfin tsiya, bakanike ne ke cin kuɗinsa.

Gadon Gobir ba gudu kaɗai ba ne

Wani zai ce me ya haɗa Gidan Rumji da wasan Turawa? Tarihi ne ya haɗa su. Gidan Rumji tana kan babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Madawa da Birnin Ƙonni, a gefen Gulbin Maraɗi, kuma a cikin gundumarta Tsibirin Gobir yake. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, da yaƙin Gawakuke na 1836 inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci galaba a kan haɗakar Gobirawa, Katsinawan Maraɗi da Abzinawa, Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri dab da Maraɗi. Daga nan har zuwan Faransawa, garuruwan biyu da ƙarfin dawaki suka tsaya da ƙafafunsu. Ta gabas kuma, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa Tasawa da Gazawa a watan Janairun 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, ya tarar da Gazawa gari ne na bakin iyaka da ke zaune cikin shirin yaƙi. Sarautu irin su Ubandawaki, Madawaki da Shamaki ba don ado aka ƙirƙire su ba.

To, mu yi tunani. Barde yana tsakiyar gumurzu, mashi a dama, garkuwa a hagu, abokin gaba yana iya ɓullowa ta kowane ɓangare. Dokin da ba ya juyawa sai gefe guda ajalin mai shi ne. Hankali kaɗai ya isa ya gaya mana cewa waɗannan mutane sun san yadda ake juya doki dama da hagu a guje, ko da wane suna suke kiran abin.

Shi ma diresaj daga fagen fama ya fito. Tun a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani sojan Girka mai suna Zinofon ya rubuta ɗan littafi kan hawan doki, inda ya yi bayanin yadda ake sa doki ya tashi da ƙafar da ake so, ya kuma gargaɗi mahayi kada ya taɓa dokinsa cikin fushi. Shahararrun makarantun hawa na Biyana a Ostiriya da Somir a Faransa duk suna da tushe a fada da barikin soja. Da aka shigar da wasan cikin gasar Olamfik a 1912 a Sitokholm, hafsoshin soja kaɗai ke shiga, sai a 1952 aka buɗe wa farar hula da mata. A wannan shekarar ce wata 'yar ƙasar Denmak, Lis Hartel, wadda shan inna ya kashe mata ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa, ta ci lambar azurfa. Matar da sai an ɗora ta a kan sirdi ta doke hafsoshi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa sarrafa doki ba ƙwanji ba ne.

Mu kuwa da yaƙi ya ƙare, abin da ya rage mana shi ne jafi: a taso a guje a miƙe, a zame a gaban sarki, a jinjina. Abu ne mai kyau da tayar da tsikar jiki, amma layi ɗaya ne miƙaƙƙe da birki. Kwana ta fita daga jarabawar, don haka ta fita daga karatun. Katsinawa sun samu wata ƙofa ta hanyar wasan folo, wanda Sarki Muhammadu Dikko ya rungume shi, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara da shi, kuma ba a buga folo da dokin da bai iya sauya ƙafa ba. Daga Maraɗi zuwa Katsina bai kai kilomita 100 ba. Ilimin bai yi mana nisa ba.

Yadda ake koyonsa

Abu na farko fili ne. A samu wuri shimfiɗaɗɗe mai ƙasa mai taushi, ba kwalta ba, ba kuma yashi mai zurfi da ƙafa ke nutsewa ba. Ƙaramin filin diresaj mita 20 ne a faɗi, 40 a tsawo, wato bai kai kwatan filin ƙwallo ba. Mita 20 kimanin taku 26 ne na babban mutum. A zana da'ira biyu masu faɗin mita 20 suna taɓa juna, kamar lamba 8. Gwangwanaye ko tsofaffin tayoyi sun isa alama.

Na biyu, mahayi ya koyi gane ƙafar jagora yana bisa. Da farko ya saci kallon kafaɗun doki, wadda ta fi miƙewa gaba ita ce ke jagora. Sannu a hankali zai daina kallo ya riƙa ji a ƙugunsa. Aboki ya tsaya a ƙasa yana faɗa masa "dama" ko "hagu" har sai jinsa ya dace da ganin abokin.

Na uku, doki ya iya ƙaramar sukuwa a da'ira ta kowane ɓangare. Nan ne za ka gane ko dokinka bahago ne. In za a zagaya ta dama, mahayi ya zauna a miƙe, ya ɗan lanƙwaso kan doki dama kaɗan, gwargwadon yadda zai hangi gefen idonsa. Ƙafarsa ta dama ta tsaya a kan majayi, ta hagu ta ja baya kamar faɗin tafin hannu, sannan ya matsa. Ƙafar da ta ja baya ita ce ke ce wa ƙafar dokin ta baya "ke za ki fara". In doki ya tashi da ƙafar da ba ita ba, ba duka za a yi ba. A dawo da shi sassarfa, a gyara, a sake nema, an fi dacewa a daidai shiga kwana.

Na huɗu shi ne saukowa, kuma nan ne gizo ke saƙa. Kowa ya iya tayar da doki, tsayar da shi cikin ladabi ne aiki. Kafin ka nemi tafiya, sai ka gajarta sukuwar da abin da za mu kira rabin birki: ka miƙe ƙirji, ka ɗaure ciki, ka danne sirdi, ka matse kamazuru na ɗan lokaci kamar mai matse soso, ka saki nan take. Sau biyu ko uku, har ka ji doki ya tattaro kansa ya mayar da nauyi baya. Doki a tsaye kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba yake, ga kuma nauyin mahayi. Duk hikimar ita ce a mayar da wani kaso na wannan nauyi ƙafafun baya, inda injin yake. Dokin da aka tattaro haka, da ka sauke numfashi ka tsayar da ƙugunka, sai ya sauko tafiya kamar an ajiye ƙwarya. Wanda aka finciko da hannu kuwa sai ya wage baki, ya ɗaga kai, ya zubo a kafaɗa.

Na biyar, a haɗa. Zagaya da'irar dama da ƙaramar sukuwa. Kana dosar inda da'irori suka haɗu, yi rabin birki, sauko tafiya. Miƙar da doki sak, ƙirga taku: ɗaya, biyu, uku. A cikin takun nan ne za ka sauya komai, lanƙwasa ta koma hagu, ƙafarka ta hagu ta dawo kan majayi, ta dama ta ja baya. Matsa, ka shiga da'irar hagu. Ke nan. A farkon koyo ba laifi a bi ta sassarfa maimakon tafiya, ba laifi kuma a yi taku 8 ko 10 kafin a tashi. Ana rage su ne daga baya.

Kurakuran da aka saba yi sanannu ne. Mahayi ya sunkuya yana leƙen ƙafa, sai nauyinsa ya faɗa kan kafaɗar da ake so ta ɗagu. Ko ya murɗe wuyan doki da yawa, sai gindin ya fita layi. Ko doki mai wayo ya haddace wurin, ya riƙa rawar ƙafa yana ɗokin tashi kafin a ce masa. Maganin wannan shi ne a riƙa canja wurin, wani lokaci ma a sauko tafiya a ci gaba da tafiyar kawai, don ya san izini yake jira. In ya yi daidai ko sau ɗaya ne, a sassauta masa, a shafa wuyansa. Doki yana koyo ne daga sakin da aka yi masa, don haka mai matsawa ba ya saki bai koya masa komai ba sai tsoro.

Minti 20 zuwa 30 sun isa a rana, da sassafe ko da la'asar sakaliya, musamman a bazara da zafin Maraɗi ke haura digiri 40. Kuma a ji tsoron Allah a bar duƙushi ya girma. Ƙashin doki, musamman na gadon baya, ba ya gama ƙwari sai ya kai shekara 5 zuwa 6. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma ba a ɗora masa jinka.

Maganar linzami

Nan fa sai an yi haƙuri da ni. Linzaminmu na gargajiya, mai harshen ƙarfe da ke tokare ganɗa da zoben da ke zagaye haɓa, an ƙera shi ne don a tsayar da ingarma nan take da hannu ɗaya a fagen fama. A hannun dattijon da ya san aikinsa, da ɗan yatsa ake sarrafa shi. A hannun yaron da ya karɓi hayar doki don bikin abokinsa, wuƙa ce. Jan kumfar da ake gani a bakin doki bayan sukuwa jini ne, kuma dokin da bakinsa ya mutu ba ya jin magana sai an ƙara masa azaba, har a kai ranar da zai ƙwace da mahayi ya afka cikin jama'a. Addininmu ya hana azabtar da dabba, wannan ko ɗan makarantar allo ya sani.

Ban ce a zubar da kayan gado ba. Ranar hawa a yi ado yadda aka gada. Amma ranar koyo a sa linzami mai sauƙi, sandar ƙarfe mai gaɓa a tsakiya da zobe a kowane gefe, wanda duk maƙerin kasuwa zai iya ƙerawa in an nuna masa hoto. A rage shimfiɗun da ke ƙarƙashin sirdi gwargwadon yadda ba za a ji wa bayan doki ciwo ba, domin ta cikin tulin zubka da jalala doki ba ya jin ƙafar mahayi, shi ya sa ake komawa sukarsa da kusurwar likkafa. Sauyin ƙafa mai sauƙi ba ya yiwuwa da ƙarfi, kuma wannan ne babban amfaninsa: yana tona asirin hannun mahayi.

Masu cewa aikin banza ne

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Tun 2019 gundumar Gidan Rumji take karɓar dubun-dubatar 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina, har aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Satar shanu da garkuwa da mutane sun hana ƙauyukan bakin iyaka barci. A irin wannan hali wa ke da lokacin ƙirga takun doki?

Ba zan ce sauya ƙafar doki zai kori ɗan bindiga ba. Amma dawakin nan suna nan a turke, ana saya musu harawa da dusa da gero da kanwa, a lokacin da buhun hatsi ke gagarar magidanci. Doki jari ne. Wanda ya gurgunce yana ɗan shekara 7 asara ce, wanda aka hore shi da kyau kuwa yana iya aiki har ya haura shekara 15, kuma ko a kasuwar Maigatari ko a hannun dillalan Kano da Katsina, dokin da yaro zai hau lafiya ba farashinsa ɗaya da mai fizga ba. Saurayin da ya iya horar da doki yana da sana'ar da ake nema a bargar sarakuna da filayen folo na Katsina, Kano, Kaduna, Abuja da Legas. Wanda ya iya zamiya kaɗai, tafi ne ladansa.

Wasu kuma za su ce dattawanmu sun fi Bature sanin doki. A abubuwa da dama haka ne. Sun san akawal da kili, bikili da danda da gunya, sun san doki mai lafiya tun daga takunsa. Matsalar ita ce iliminsu a ka yake, kuma yana bin su kabari ɗaya bayan ɗaya, alhali saurayin yau daga bidiyon wanda ya fi kowa ganganci yake koyon hawa. Darasi mai ƙa'ida, mai lamba, wanda za a iya dubawa a ce an yi ko ba a yi ba, shi ne igiyar da za ta ɗaure ilimin tsoho da hannun yaro. Ina da yaƙinin in aka nuna wa tsohon Shamaki wannan sauyi, murmushi zai yi ya gyara wa mai nunawar zama.

Akwai kuma masu cewa su ma Turawan suna zaluntar dawaki. Gaskiya ne. A watan Yulin 2024, dab da gasar Olamfik ta Faris, fitacciyar mahayiyar Ingila Charlotte Dujardin, mai lambobin zinare, ta janye bayan fitar wani bidiyo da ya nuna tana zabga wa doki bulala, daga baya FEI ta dakatar da ita shekara guda. Darasin da ke nan shi ne suna da dokar da ke hawa kan babba. Mu wa ke hukunta wanda ya yaga bakin doki a bainar jama'a?

In ba mu tsara kanmu ba, wasu za su tsara mu. A Kano hukumomi sun sha haramta kilisa a titunan birni saboda haɗurra da rigingimun da ke biyo baya, a birnin da UNESCO ta sanya hawan sallarsa cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Maroko kuwa ta ɗauki wata hanyar. Sukuwarsu ta gargajiya, taburida, wadda ita ma UNESCO ta karɓa a 2021, gasa ce mai alƙalai, ana ba da maki kan daidaiton sahu da harba bindigogi a lokaci guda. Ba su bar gado ba, ma'auni suka sa masa.

Abin da ya kamata a yi

Ga fadar Mai Martaba Sarkin Gobir a Tsibiri da sauran sarakunan yankin, daga Gidan Rumji, Gidan Sori, Cadakwari da Saye Sabuwa har zuwa Agye da Gazawa: a ƙara abu ɗaya a shagalin sallah. Bayan jafi, ko washegari, a zana lamba 8 a ƙofar fada, duk mai ji da kansa ya shigo ya sauya ƙafa sau biyu, dama zuwa hagu, hagu zuwa dama. Dattawa uku su zama alƙalai. Dokin da aka ga jini a bakinsa ko a haƙarƙarinsa ya fita daga gasar, ko na ɗan wane ne. Abin da sarki ya yaba, shi matasa ke bi.

Ga magadan gari: fili mai mita 20 da 40 a bayan gari ba zai girgiza kasafin kowace ƙaramar hukuma ba. In akwai filin koyo, an samu hujjar hana sukuwa a kan kwalta da cikin kasuwa. Malaman dabbobi da ɗaliban sashen noma da kiwo na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi za su iya zuwa duba baki da kofato da bayan dawaki a ranar gasa.

Ga masu ba da hayar dawaki: dokin naku ne, asarar ma taku ce. Wanda bai iya sauko da doki daga sukuwa zuwa tafiya ba tare da fizga ba, kada a ba shi ragama, ko nawa zai biya.

Ga 'yan uwa da ke ci-rani a Legas, Abijan, Akara, Aljeriya, Libiya, Saudiyya ko Turai, waɗanda ke aiko da kuɗin kayan doki duk sallah don a ga na gidansu ya fi na kowa: ku ware wani abu daga ciki ku sa kyauta ga mahayin da ya fi iya sarrafa dokinsa. Ku sayo linzami mai sauƙi ku aiko a ba maƙera su kwaikwaya. In ƙanenku ya turo muku bidiyon zamiya, ku ce masa kun gani, saura na lamba 8.

Ga kai kuma saurayi mai doki, ba sai ka jira kowa ba. Gobe da sassafe ka fita bayan gari da abokinka da wayarsa, ka fara gano ko dokinka bahago ne. Zai ɗauke ka makonni, wataƙila watanni, kuma babu mai yi maka tafi a lokacin. Amma ranar da ka sauke numfashi ingarma ya sauko tafiya, ka ja ƙafa baya ya tashi da ƙafar da ka zaɓa, za ka san abin da kakanninka ke nufi da barde. Kyan ɗa ya gaji ubansa, gadon kuwa bai tsaya a rawani da alkyabba ba.

Allah Ya ba yankinmu zaman lafiya, Ya sa mu ji ƙan dabbobin da Ya ba mu amana.